Wayar 1.5 ta isa soket? Amsa ga mai ginin da ya kai matakin wayarin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a gefen Kano, ɗaki uku da falo, yanzu an kai ga wayarin. Mai aikin ya ce wayar 1.5 ta isa duk soket-soket ɗin gidan, kuma wayar ƙasa ɓarnar kuɗi ce kawai, wai ba a Turai muke ba. Sannan a gidan da nake haya yanzu, soket ɗin da mai ɗakina ke guga ya yi baƙi, wani lokaci har wari yake. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma yaya ya kamata a yi wayarin ɗin soket?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa a shiga a sa'a. Ka yi tambayar a kan gaɓa, domin masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Da zarar magini ya shafe bango da filasta, abin da ke ciki ya shiga ke nan, gyaransa sai da guduma da kurfi.

Bari in fara da soket ɗin da ya yi baƙi, don shi ne mai gaggawa. Daga yau kada a ƙara sa komai a cikinsa. In ka san birekar da ke ba shi wuta, wato makunninsa da ke cikin akwatin rarraba wuta, ka kashe ta. Warin nan, mai kama da na ƙonannen roba ko na ruɓaɓɓen kifi, alama ce cewa robar bayan soket ɗin tana dahuwa. Sau da yawa in na kwance irin wannan, abu guda nake tararwa: sukurun da ke riƙe wayar ya saki. Wayar tana taɓa ƙarfen soket ɗin ta wani ɗan tsukin wuri, wutar da dutsen guga ke ja duk ta nan take bi, wurin ya yi zafi, jan ƙarfen ya yi baƙi, baƙin ya ƙara hana wuta wucewa, zafin ya ƙaru. Haka abin ke ta cin kansa har ranar da zai yi tartsatsi. Abin da ya sa wannan ya fi ban tsoro shi ne bireka ba ta ganinsa. Ita dai wutar da ke wucewa take aunawa, kuma wutar ba ta wuce ƙima ba. Tana nan a tsaye lafiya lau, bango yana ci.

To, mu koma kan maganar 1.5, wato lambar girman ƙarfen da ke cikin wayar a murabba'in milimita. Mai aikinka bai faɗa maka daidai ba. Ko dai bai sani ba, ko kuma kun yi jinga ne har da kayan aiki, yana neman ya rage wa kansa.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce a ƙa'ida, ko da yake kowa ya san ranar da ta ga dama ba ta kai nan ba. Soket ɗin da muke amfani da shi mai baki uku, wanda muka gada daga Ingila, an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), wato kusan wat 3,000. In kana son sanin amfiyar da wani abu ke ja, duba wat ɗin da aka rubuta a jikinsa ka raba da 230. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 5 da ɗoriya. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan 9. Rishon lantarki mai wat 1,500 yana jan 6 da rabi. Ka haɗa ukun nan, safiyar Litinin ce, ana gugar kayan makaranta, ana dafa ruwan shayi, ana ɗumame: ka haura amfiya 20, kuma ba mu sa firiza ba.

Wayar 1.5 ta jan ƙarfe zalla, a cikin fayif a bango, abin da littafin ƙa'ida ya ba ta bai wuce amfiya 17 da rabi ba. Ta 2.5 tana ɗaukar 24. Amma ga wani abu da masu wayarin da yawa ba sa lura da shi: waɗannan alƙaluma an lissafa su ne a kan cewa zafin wurin digiri 30 ne. Kai ka taɓa leƙa cikin silin ƙarƙashin kwano a Kano a watan Afrilu da azahar? Ni na sha shiga, minti goma ba ka iya yi. In zafin wurin ya kai digiri 45, sai an rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin wayar. Ta 1.5 ta dawo ƙasa da amfiya 14, ta 2.5 ta dawo wajen 19. Robar da ke jikin wayar kuma digiri 70 ne iyakarta. In ana yawan wuce nan sai ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsagewa kamar busasshiyar fata. Ba a rana ɗaya take yi ba. Shekara uku, shekara biyar, sannan wata rana cikin dare a ji hayaƙi.

Don haka tsarin da muke bi a bayyane yake. Wayar 1.5 ta fitilu da fankar sama ce. Soket 2.5. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki, kowacce da nata layin daga akwatin rarraba wuta, yawanci da wayar 4. Babban kukar lantarki 6. Duk wanda ya ce maka zai sauka ƙasa da haka, ka tambaye shi dalili.

Girman waya kuma ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da girman bireka, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna. Aikin bireka shi ne ta kare wayar da ke bango, ta faɗi kafin wayar ta yi zafin da zai cutar da ita. Saboda haka dole bireka ta fi wayar rauni. In aka ja layi ɗaya na 2.5 daga akwati, ya bi soket-soket ya tsaya a na ƙarshe, birekarsa amfiya 20 ce. In aka yi zobe, wato wayar ta fita daga bireka, ta zaga duk soket ɗin ta dawo cikin birekar da ta fito, to wuta na isa kowane soket ta hanya biyu, shi ya sa ake yarda a sa masa 32. Amma zobe yana da wata cuta ɓoyayya. In waya ta zame a bayan soket ɗaya, komai zai ci gaba da aiki, ba wanda zai sani, alhali zoben ya zama layi biyu na 2.5 a ƙarƙashin birekar 32. Ni a ra'ayina, a gidajenmu da ba kasafai ake dawowa a gwada wayarin ba, gara a yi layi-layi da birekar 20: kicin nasa daban, falo daban, ɗakuna daban. Zai ɗan ƙara cin bireka da waya, amma in matsala ta taso ka san inda take, kuma sauran gidan ba ya shiga duhu.

Abin da ya fi yawa kuwa shi ne a ga bireka tana yawan faɗuwa, sai a kira yaro ya cire ta 20 ya sa ta 32 ko ma 63. An huta da faɗuwa, gaskiya ne. A tsofaffin gidaje masu fis irin na da, na sha ganin an naɗa zaren waya mai kauri a madadin fis ɗin, wani wuri har ƙusa na gani. Birekar da ke faɗuwa magana take maka: ko kaya sun yi wa layin yawa, ko akwai inda waya ta sami rauni.

Sai maganar ingancin wayar kanta. A kasuwa akwai wadda aka rubuta wa 2.5 amma cikinta bai kai ba, an cika ta da roba don ta yi kauri a ido. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga karyewa, ga saki a ƙarƙashin sukuru. Gane ta ba wuya. Ka feɗe bakin wayar, ka kankare da wuƙa: in ka ga fari a ciki, ajiye musu kayansu. Ka ɗaga ƙunshin ka ji nauyinsa, na gaske yana da nauyi a hannu. Wayar 2.5 mai ƙwaya ɗaya kaurin ƙarfenta ya kusa milimita 1.8, ta 1.5 kusan 1.4, kuma duk mai wayarin na kirki yana gane su da ido. Wayoyin da kamfanoninmu na nan Najeriya ke yi suna da suna mai kyau a wurin masu sana'a, shi ya sa ma su aka fi yi wa jabu. Shawarata ka je da kanka, ko ka tura wanda ka amince da shi, wurin dila sananne, ka karɓi rasit. Kada ka haɗa kuɗin kaya da kuɗin aiki a jinga ɗaya. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne a bango.

Yanzu wayar ƙasa, wadda aka ce maka ɓarnar kuɗi ce.

Soket yana da baki uku, bayansa ma wurin ɗaura waya uku ne, an rubuta L, N da E. L ita ce mai wuta, ja ce a tsohon launi, ruwan ƙasa a sabo. N ita ce nutural, hanyar da wuta ke komawa, baƙa a tsohon launi, shuɗiya a sabo. E ita ce wayar ƙasa, koriya, ko koriya da ratsin rawaya. Duka launukan biyu suna kasuwa, abin da ake so shi ne a zaɓi ɗaya a bi shi a gidan gaba ɗaya. In kana fuskantar soket a bango, ramin sama na wayar ƙasa ne, na dama mai wuta, na hagu nutural.

Firij zai yi sanyi ba tare da wayar ƙasa ba, dutsen guga zai yi zafi, shi ya sa mutane ke ganin ba ta da aiki. Aikinta ranar tsautsayi ne. A ce robar wata waya a cikin firiza ta goge, ƙarfen ya taɓa jikin firizar. Yanzu jikin nan gaba ɗaya yana ɗauke da bolt 230, yana jiran hanya zuwa ƙasa. In akwai wayar ƙasa, wutar ta sami hanya tun kafin kowa ya zo. In babu, hanyar ita ce mutumin farko da ya taɓa, kuma a gidajenmu wannan mutumin galibi mace ce da jiƙaƙƙen hannu, ko yaro ba takalmi a kan siminti da aka wanke. Duk firizar da ake cewa "tana ɗan ja, sai ka sa silifas", wannan ce matsalarta. Ba ɗabi'ar firiza ba ce.

Wayar ƙasa sai ta bi kowane soket, ba tsallake, ta koma akwatin rarraba wuta, daga nan waya mai kauri ta fita zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Na sha kwance soket in ga koriyar waya an ɗaura ta tsaf, in ja ta sai ta biyo hannuna, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba. An sa ta ne don idon mai gida. Wani wayon da ya fi wannan muni shi ne a haɗa E da N a bayan soket da ɗan guntun waya. Na'urar gwaji mai araha za ta nuna komai daidai. Amma ranar da nutural ta tsinke a waje, ko aka yanke wuta aka zo mayarwa aka juya wayoyin a kan fol, to jikin duk wani abin ƙarfe da ke gidan ya zama mai wuta. Kada ka yarda a yi maka wannan ko da kyauta ne.

Ita sandar kuma, ƙasarmu ta Arewa tana ba da wahala. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta. Shi ya sa ake neman wuri mai laima, a zurfafa, wani lokaci a kafa sanda biyu ko uku nesa da juna a haɗa su. Al'adarmu ta zuba gawayi da gishiri tana taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, kuma ruwan damina yana wanke shi. Don haka kada a shafe kan sandar da siminti. A yi mata ɗan rami mai murfi, yadda za a iya duba mahaɗin, a kuma zuba ruwa in rani ya tsananta.

Ga kuma inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin ko masu sa wayar ƙasa da yawa a nan suke tsayawa. Sanda kaɗai ba ta isa ba. A ce an auna sandarka aka sami om 50 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya), wanda a ƙasarmu ba abin kunya ba ne. In mai wuta ta taɓa jikin firiza, abin da zai bi ta sandar shi ne 230 a raba da 50, wato ƙasa da amfiya 5. Birekar 20 ba za ta ko motsa ba. Alhali abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Tun daga wajen miliamfiya 10 zuwa 15 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa saki.

Maganin wannan ita ce birekar da ke gane yoyon wuta, wadda za ka ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, masu shago kuma da yawa suna kiranta ELCB. Ita tana kwatanta wutar da ta fita ta L da wadda ta dawo ta N. In aka sami bambanci, ta san wuta ta bi wata hanya, ko ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Wadda ake sa wa soket ita ce mai miliamfiya 30, za ka ga 30mA a rubuce. Akwai mai 100 da mai 300, waɗannan don gobara ne, ba sa kare rai. In da za a ce in zaɓi abu guda da zan tilasta wa kowane mai gida, wannan ce. Tana da ɗan maɓalli mai alamar T, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni. In an danna ba ta faɗi ba, ta mutu, a canza.

Zan gaya maka abin da zai faru, don kada ya zo maka a ba-zata. Za a sa ta, sai ta yi ta faɗuwa, mai aikin ya ce maka "ai wannan ba ta yi da wutar Najeriya", ya nemi ya tsallake ta. Ba wutar ba ce. Ko dai an cakuɗa nutural ɗin layuka daban-daban, ko nutural tana taɓa wayar ƙasa a wani wuri, ko akwai tsohuwar hita ko injin jan ruwa da ke yoyo. Ta gano cuta ne, sai a nemo cutar. Dabarar ita ce kada a rataya gidan duka a kan guda ɗaya. A raba biyu ko uku, ko a sa wa layukan kicin da banɗaki da tsakar gida irin wadda ta haɗa bireka da kariyar yoyo a jiki ɗaya.

Wani aiki da aka taɓa kirana ya zauna mini a rai. Gida ne sabo, bai shekara biyu ba, tayil har bango, fitilu kamar otal. Yarinya 'yar shekara bakwai ta je kashe famfon tsakar gida, wuta ta riƙe ta, Allah ya sa yayanta na kusa ya kashe babban makunni. Da muka bincika, wayar injin jan ruwa an haɗa ta da salatif a cikin ƙasa ba fayif, damina ta shiga. Babu sanda, babu birekar yoyo. Da na yi wa mai gidan lissafin abin da za a kashe a sa su, ya yi shiru, sannan ya ce bai kai kuɗin fitilar falonsa ba.

Sauran ƙa'idojin na aikin hannu ne, kuma ko ba ka iya wayarin ba za ka iya sa ido a kansu. Waya ta bi cikin fayif, kada a binne ta tsirara a filasta. Fayif ya tashi daga soket ya miƙe sama ko ya bi gefe a miƙe, kada a yanke hanya a karkace don tsimin waya, domin wata rana wani zai buga ƙusar rataye agogo. Kada a yi haɗi a cikin fayif. Duk haɗi ya kasance a cikin akwati mai murfi, da abin ɗaure waya mai sukuru, ba a murɗa a naɗe da salatif ba. A cikin silin ma a sa fayif, saboda ɓera. Makunni kullum a kan mai wuta yake, in aka sa shi a kan nutural, ka kashe amma wuta na nan. A bayan soket a feɗe waya daidai yadda za ta shige, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne roba. In an ɗaure a ja ta a gani. In akwatin bangon na ƙarfe ne, shi ma a ba shi wayar ƙasa. Soket ya ɗaga daga daɓe kamar santimita 45, saboda ruwan wanke ɗaki. A kicin ya yi nesa da wurin wanke-wanke da murhu. A banɗaki kada a sa soket sam, makunnin hita ma a waje. Na tsakar gida a sa mai murfi wanda ruwa ba ya shiga.

Kuma ka yawaita soket. Na san ana ganin kamar almubazzaranci ne, amma ɗakin da aka ba soket ɗaya, ƙarshensa ekstenshan ne a kan ekstenshan, a ƙarƙashin kafet, a bayan labule. Yawancin ekstenshan na kasuwa wayarsu siririya ce, an yi su ne don caja da talabijin. Hitar dafa ruwa da rishon lantarki ba wurinsu ba ne, balle da hunturu da kowa ke neman ruwan zafi da asuba.

Filogi ma yana da nasa. Na gaske mai baki uku yana da fis a ciki, amfiya 3 don ƙananan kaya, 13 don masu zafi. Soket ɗin kirki kuma yana da ƙyaure a ramukan ƙasa biyu, ba ya buɗewa sai dogon bakin sama ya shiga, an yi haka ne don yara. Mu kuma sai mu sa murfin biro mu danne, mu cusa filogi mai baki biyu zagayayye, irin wanda ake amfani da shi a Nijar da ƙasashen da suka bi tsarin Faransa, wanda kaya da yawa ke zuwa da shi. Yana buɗa ƙarfen cikin soket ɗin, daga nan ko filogin gaske aka sa ba ya kamawa, sai zafi. A yanke a sa mai baki uku, kuɗinsa kaɗan ne. Cusa tsirarar waya a tokare da tsinken ashana kuwa, wannan ba sai na ce komai ba.

Tunda gidan sabo ne, ka yi tunanin janareto da sola tun yanzu. Dole a sa canjoba ta gaske, mai raba gidan da layin waje gaba ɗaya, mai wuta da nutural duka. Masu haɗa waya mai filogi biyu su cusa janareto a soket suna wasa da ran mutane. Bakin filogin da ke hannunka yana da wuta, sannan in ka manta ba ka kashe babban makunni ba, wutarka za ta fita kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ga ma'aikaci can a kan fol yana ganin an ɗauke wuta. In za a sa inbata, a ware layukan da za ta riƙe tun daga akwati, a yi wa soket ɗinsu alama. Wannan ya kawo wani haɗari sabo da ba mu saba da shi ba a da: "NEPA ta ɗauke" ba ya nufin soket ba wuta. Kuma ko ba inbata, wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo.

Shi ya sa duk wanda zai taɓa soket, ko da canza fuska ne kawai, sai ya kashe bireka, ya kashe janareto da inbata, ya sanar da mutanen gida kada wani ya tayar. Ya gwada abin gwajinsa a wurin da ya san akwai wuta, sannan ya gwada inda zai yi aiki. Ɗan sukundireban nan mai ƙwai da muke kira tasta ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, a cikin hasken rana ko a kan busasshen katako yana iya ƙin nunawa. In kuma tsautsayi ya faɗa wuta ta riƙe wani, kada a kama shi da hannu. A kashe wutar, in ba hali a ture shi da busasshen itace. A kai shi asibiti ko ya ce ya warke, domin bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta maganin komai. Wutar da ta tashi daga waya kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke lantarkin.

Game da mai aikinka, ban ce ka kore shi ba, wataƙila haka ya koya a wurin ubangidansa. Amma ka zaunar da shi ka tambaye shi: wace bireka zai sa wa layin soket, kuma me ya sa? Ina zai kafa sanda, da me zai auna ta? Zai sa birekar yoyo mai 30? In ya amsa da hujja, ku ci gaba. In ya ce "haka muke yi shekara da shekaru ba abin da ya faru", nemi wani. Hukumar NEMSA ta gwamnatin tarayya, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu wayarin ta ba su shaida, tana kuma duba aikin lantarki, don haka ba laifi ba ne ka nemi ganin takardarsa. In an gama, kafin a ba gidan wuta, a kawo mai na'ura ya gwada: lafiyar robar wayoyi, isar wayar ƙasa kowane soket, ba a juya L da N ba, da ƙarfin sandar. A rubuta sunan kowane layi a jikin murfin akwatin.

Kafin magini ya fara filasta kuma, ka zaga da wayar salularka ka ɗauki hoton kowane bango, yadda fayif ya bi. Ka adana. Soket ɗin gidan haya kuwa, ka sanar da mai gidan yau, a kira mai gyara ya yanke wayar har inda jan ƙarfen ke sheƙi, ya sa sabon soket, ya kuma duba filogin dutsen gugar, don sau da yawa shi ma ya ƙone.